Tabon Diddigen Haladu

Ku matso kusa, ku rage hayaniya, ga wata nan ta zo gare ku. Wannan ba ta dariya ba ce, kuma in na kai ƙarshenta ku ne za ku yanke hukunci.

A wani gari na bakin fadama an yi wani mutum, sunansa Haladu, manomin rani ne, albasa da tattasai da tumatir. Iyayensu sun rasu sun bar shi, shi kaɗai namiji a cikin mata uku. Yaya Barira ce babba, sai shi, sai Suwaiba, sai Atika auta. Matarsa Lantana ta haifa masa yara, duk maza, ya daɗe yana roƙon Allah ya ba shi 'ya mace ko guda.

Wata shekara sai wani baƙin tabo ya fito masa a diddigen hagu, kamar an ɗiga tawada. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Haladu ya ce ƙaya ce ta karye a ciki, ai mai yawo a laka ba ya rabuwa da irin wannan. Tabo ya yi ta faɗi, bakinsa ya karkace, har ya fara barin jini a cikin takalmi. Sai ya yi magana da wanzamin garin, ya ce ranar kasuwa ya zo ya tsaga wurin a huta.

To, Yaya Barira mai ƙunshi ce, ita ke sa wa amare lalle, tafin ƙafa kam ta gan shi iri-iri. Ta zo gaishe su da hantsi, ta tarar da shi a tsakar gida yana wanke laka daga ƙafa.

"Ɗaga ƙafar nan in gani."

"Yaya, ƙaya ce."

"Ƙayar da take yin faɗi? Ɗaga, na ce. Ni na goya ka, ba ƙafarka zan ji kunya ba."

Ta riƙe diddigen ta daɗe tana kallo. Ta taɓa ganin irinsa a ƙafar wata uwar amarya, aka tsaga mata a gida, aka yi ta sa magani, matar ba ta ga wani bikin ba. Abin da ya sa lamarin ya yi nauyi, wanzamin nan yayan mijin Barira ne, a gida ɗaya suke zaune. Ranar kasuwa ya iso gidan Haladu da zabirarsa, sai ya tarar da ita tsaye a ƙofar zaure, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ta saba, sannan ta ce ya yi haƙuri, aska ba za ta hau ƙafar nan ba tana da rai. A gaban mutane ta faɗa. Wanzami ya juya ya tafi da zabirarsa. Mijinta ya daina cin tuwonta har tsawon lokaci, dangin miji suka daina kiranta ƙunshi. Ita kuwa ba ta saurara ba, ta sa Haladu a gaba, yana ƙunƙuni tana jansa, daga asibitin garinsu har babban asibitin birni. Can aka ɗebi ɗan ƙanƙanin nama daga tabon aka duba, aka ce ciwon daji ne na fata, kuma da an ƙara jinkiri, ko an yi ta tsaga shi a gida, da ba a san inda za a tare shi ba. Wannan ita ce Barira.

Suwaiba kuwa a birnin take aure, ɗinki take yi, a ɗakinta suka sauka. Aka sa ranar aiki, za a yanke tabon da naman da ke kewaye da shi. Kafin a shiga da shi wata likita ta zauna da su, ta ce tana neman izini a bar wani yanki na abin da za a cire, a ajiye shi a sanyi. Ta ce akwai binciken da ake yi, ana koyon yadda za a haɗa wa mutum allura daga cutarsa shi kansa, ba ta yi alkawarin komai ba, amma in babu naman, ko gwadawa ba za a iya ba. Haladu tsoro ya riga ya ɗaure masa kai. Ya ce shi ba ya iya tunani, duk abin da Suwaiba ta ce shi ne nasa.

A ranar Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyarsu, ya zo daga gida da farin ƙyalle a aljihu. Ya zo ne ya karɓi naman ya naɗe ya kai a binne, yadda aka gada. Da ya ji zancen ajiyewa sai ransa ya ɓaci.

"Suwaiba, a gidanmu ko mabiyiyar jariri ba a barinta a fili. Ko farce haƙa masa rami ake yi. Naman ɗan'uwanki za ki bari a firji kamar na mahauta?"

"Kawu, ba raini ba ne. In cutar ta dawo fa?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. In ta dawo, Allah na nan."

Suwaiba ba ta yi musu da shi ba. Ta fita ta je wurin malamin unguwarsu ta tambaya, ya ce in don neman lafiya ne babu laifi. Ta dawo da wannan amsa, amma Kawu bai sauko ba. Ta tsaya tsakanin likita da kawunta, ta ce a bar yankin. Sauran ta karɓa da hannu biyu ta miƙa wa Kawu ya naɗe. Ya koma gida ya ba da labari yadda ya ga dama, gari ya ɗauka cewa Suwaiba ta bar naman yayanta a hannun baƙi, wasu har suka ce sayarwa ta yi. In ta zo gaisuwar mutuwa, mata sai su ja tabarmarsu gefe. Haladu ma da ya farfaɗo, abin bai kwanta masa ba. In ya tuna wani yanki nasa yana can kwance a cikin ƙanƙara, sai ya ji sanyi ya ratsa masa ƙafa, ya kasa haɗa ido da ita.

Ƙafa ta warke, ya koma fadama yana ɗingishi, ya ɗauka an gama. Aka cire albasa, aka yi damina, sai ga kaluluwa ta fito masa a matsematsi, mai tauri, ba ta tafiya. Aka koma birni aka yi hoto, aka ga cutar ta taɓa har huhu. A lokacin Lantana tana da ƙaramin ciki. Haladu ya zauna a inuwar bishiya a harabar asibiti, 'yan'uwansa uku kewaye da shi, ya ce, "In Allah ya nuna mini abin da ke cikin nan, in mace ce, sunan 'yar'uwata da ta tsamo ni zan sa mata." Ya faɗa ne kawai saboda zuciyarsa ta karye, bai zaci zai rayu har maganar ta zame masa kaya ba.

Likitar nan ta sake kiransu. Ta ce masa jikin kowane mutum yana da sojojinsa a cikin jini, su ke korar cuta. Amma daji ɗan gida ne, daga naman mutum yake tashi, shi ya sa sojojin ke wuce shi ba su tanka ba. Ta tambaye shi, in mai gadin gonarsa ya ga ɗaya daga cikin 'ya'yan Haladu yana ɗibar albasa, zai kama shi? Haladu ya ce a'a, sai dai su gaisa. Ta ce to haka ne. Daga naman da aka ajiye za su gano alamar da ta bambanta wannan cuta da sauran jikinsa, su haɗa allura ta nuna wa sojojin alamar, su haɗa masa da wani magani ta jijiya mai kwance musu hannu. Ta ce gwaji ne, wasu yana yi musu, wasu ba ya yi. Haladu ya waiwaya ya kalli Suwaiba, ita kuwa kanta na ƙasa. Wannan ita ce Suwaiba.

Saura Atika. Kun san yadda mutanenmu suka ɗauka, wai daji ba ya shiri da allura, da an soka sai ya haukace. Haladu ya tashi da jin wannan tun yana yaro. Ya daure aka yi masa ta farko, sai zazzaɓi ya rufe shi, dantsen ya kumbura, gaɓoɓinsa suka yi ta ciwo. Masu zuwa dubiya suka fara girgiza kai, kowa na cewa ai an faɗa. Da ya ji dama-dama sai ya hau mota ya koma gida, ya wuce fadama ya tare a bukkar gona. Ya ce ba zai sake miƙa hannunsa ba, a bar shi ya mutu kusa da shukarsa. Barira ta yi faɗa, bai ji ba. Suwaiba ta yi kuka, bai ji ba.

Atika tana aure a wani gari mai nisa, da goyo a bayanta. Ta zo da rana tsaka, ta ratsa kwamin albasa har bakin bukka, ta zauna a ƙasa. Ba ta yi masa wa'azi ba. Ta zame mayafi ta nuna masa tabon allurar lamba a dantsenta.

"Yaya, wa ya kai ni aka yi mini wannan?"

Ya ce, "Ni ne. Inna ta ɓoye ki a bayan rumbu, na sace ki na kai."

"Da na dawo fa?"

"Kika yi zazzaɓi, wurin ya yi ƙurji. Inna ta zane ni."

"To ga ni, har da ɗana. Kai ka kai ni ina ihu, ni ma zan kai ka. In ka ga dama ka yi ihun, ba zan gaya wa kowa ba."

Haladu ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba, dariyar ta ƙare da hawaye. Ya tashi ya bi ta.

Ba a nan aikinta ya tsaya ba. Allurar ba ɗaya ba ce, ana yi ana hutawa ana komawa, kuma ba a yarda a riƙa shiga da jariri ɗakin masu jinya ba. Atika ta yaye ɗanta tun lokacinsa bai yi ba, ta kai shi wurin uwar mijinta. Ana aiko mata cewa yaron ya ƙi cin abinci, ya rame, nononta na zuba yana jiƙa mata riga, ta share ta koma ta dama wa yayanta kunu. Ta tsare ma'aikatan jinya da tambaya har ta gane wane zazzaɓi ne alamar sojojin sun farka, wane ne na haɗari. Akwai ranar da gudawa ta kama shi ba ƙaƙƙautawa, ya ce tsamiya ce ta yi yawa a kunu, a bar shi. Ita ta ƙi, ta tari mai keken haya ta kai shi asibiti a guje. Likitoci suka ce sojojin ne suka wuce gona da iri suka juya kan hanjinsa, suka ba shi abin da ya lafar da su, suka ce da ta yi jinkiri da maganin ne zai kashe shi, ba cutar ba. Wannan ita ce Atika.

A hankali kaluluwa ta saki, ta ƙanƙance, ta ɓace. Aka yi hoto, aka sake yi, ba a ga komai a huhun ba. Likitar ta ce su gode wa Allah, amma kada ya daina zuwa ana duba shi. Haladu ya koma gida a kan ƙafarsa, yana dogara sanda. Bai daɗe da komawa ba Lantana ta sauka lafiya, kuma mace ce.

Tun ranar haihuwa ya shiga tunani. Babu wadda ta tuna masa alkawarinsa, kuma ya san babu wadda ta manta. In ya ce Barira, ai da ba ta tsaya a ƙofar zaure ba da aska ta riga ta gama da shi, ba a kai ga zancen birni ba, kuma har yau yayan mijinta ba ya amsa gaisuwarta. Sai zuciyarsa ta ce, to an kai ka birnin an yanke, cutar ba ta dawo ba? Da Suwaiba ta bar Kawu ya naɗe komai a farin ƙyalle, da da me za a haɗa allurar? Ita ce aka ɓata wa suna, har da shi a cikin masu kau da kai. Sai kuma ya tuna allurar tana can a asibiti shi yana bukka yana jiran mutuwa, da Atika ba ta ratso kwami ba da nan za a ɗauko gawarsa, ga ɗanta har yanzu bai gama murmurewa ba.

Ranar suna ta zo. Gari ya waye, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an raba goro da dabino, rago na ɗaure a turke, mahauci ya wasa wuƙa. Kawu Ilu na zaune a gefe da carbinsa. A cikin gida kuwa su ukun suna bakin murhu ɗaya, Barira na tuƙa tuwo, Suwaiba na kwashewa, Atika na jera kwanoni, kowace ta yi kamar ba ta saurare, guɗa na jira a bakin mata. Liman ya gyara zama, ya karkato kunnensa wajen Haladu, ya ce, "Malam Haladu, wane suna za a raɗa?"

Haladu ya sunkuya ya kalli diddigensa.

To, jama'a, jaririya ɗaya ce, suna ɗaya ne, liman kuma yana jira. Tsakanin Barira da Suwaiba da Atika, wacece a cikinsu ta fi cancanta a yi mata takwara?