Ɓarawon Rawanin Sarki

An ce wani sarki aka yi mai saurin fushi, wanda hukuncinsa kan riga tunaninsa isa fada. Tun zamanin kakansa al'adar makarantun garin ita ce, in yara sun tashi daga karatun hantsi, sai a kai su inuwa a koya musu zane. Su fara a rairayi, su koma bayan ƙwarya, daga nan sai bango. Cikinsu ake samun masu ɗinkin riga da magina masu yi wa soro ado. Babban malaminsu wani dattijo ne siriri mai tsinin gemu, Malam Cindo, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: a duba sau bakwai, a zana sau ɗaya.

Wata rana sarki ya wuce, ya tarar da yara talatin sun zuba wa kaza guda ido, ba mai cewa uffan. Ya ce, "Wannan wane irin zaman banza ne? Kaza ce ba ku taɓa gani ba?" Nan take ya hana zane a makarantu kaf. Malam Cindo ya koma gida yana tufkar igiya, ransa a ɓace.

Bayan shekara goma, ran nan da azahar, sarki ya kishingiɗa a tsakar gida, ya ajiye rawanin da ya gada daga kakansa a gefe. Ya farka ido rabi a rufe, sai ya ga wani ya yi wuf ya tsallake danga da rawanin. Aka nemi mai zana kamannin ɓarawo a bai wa dogarai, amma ina! Duk waɗanda aka kawo ba wanda zai iya zana ko taɓarya. Sarki ya karɓi gawayi ya zana da kansa. Abin da ya fito, Allah na gani, ya fi kama da tulun da ya faɗi daga kan jaki. Amma fadawa suka ce, "Ranka ya daɗe, numfashi kawai ya rage masa!"

Dogarai suka juya zanen sama da ƙasa, ba su gane kome ba sai tsinin gemu da siraran ƙafafu. Suka je suka kamo Malam Cindo. Sarki ya ce a yanke masa hannun dama.

Dattijo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, hannun nan naka ne. Amma ka bar shi ya yi aikinsa na ƙarshe. Ka faɗa mini abin da ka gani, ni kuwa in zana."

Sarki ya ce, "Na yarda. Yana da gemu irin naka."

"Kunnuwansa fa, ya sarki?"

Sarki ya ce, "Dogaye ne, sun zubo."

"Me ya sa a kansa?"

"Wata hula mai tsini biyu."

"Da wane hannu ya riƙe rawanin?"

"Af! Da baki ya riƙe, marar kunya."

"Ƙafafunsa nawa, ya sarki?"

Sarki ya duƙar da kai yana lissafi da yatsu. Can ya ce a hankali, "Kamar dai sun fi biyu."

Malam Cindo ya juyo da allon da ya yi zanen a kai. Sai ga bunsurun sarki nan tsaye a jikin allon, wanda ake ba shi dusa a kwanon azurfa. Aka ruga bayan rumbu, aka same shi yana tauna kamu na ƙarshe na rawanin, ko a jikinsa.

Kunya ta rufe sarki. Ya ce, "Kai dattijo, yaya ka ga abin da ba ka gani ba, ni kuwa da na gani ban gani ba?"

Ya ce, "Ya sarki, duba ɗaya ka yi ka zana, saura shida. Yaran nan da ka kora, ba kaza nake koya musu ba, gani nake koya musu."

Sarki ya kama hannun da ya so yankewa, ya riƙe shi da hannu biyu, ya nemi gafara. Ya mayar da zane makarantu. Washegari da hantsi aka gan shi zaune a rairayi tsakanin yara, kansa ba rawani, ya ƙura wa kaza ido. Wazirinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, masu ƙara suna jira."

Sarki ya ce, "Su jira, sau uku kawai na duba. Wanda bai koyi gani ba, bunsuru zai ci rawani, malami ya rasa hannu."