Mutum Ɗaya Da Bai Zaɓi Tulu Ba

An ce wai a wata shekara da damina ta faɗi da wuri, an yi zaɓen ƙananan hukumomi a wata ƙasa, aka wayi gari a ƙaramar hukumar Kwarin Kanya kan kowa a ɗaure. Shekara goma sha biyu jam'iyyar Tsani ke riƙe da kujerar ciyaman, jam'iyyar Tulu tana adawa. Saura wata biyu a yi zaɓe, manyan Tsani suka yi rigima a kan takara, rabinsu suka sauya sheƙa zuwa Tulu. Tsofaffin 'yan Tulu kuwa, da suka ga baƙi sun zo sun zaune musu tabarma, sai suka yi fushi suka koma Tsani. Mutumin da ka sani bara yana zagin Tulu, bana shi ne ɗauke da tutarta.

Ranar da za a faɗi sakamako, da hantsi aka ce Tsani ta ci. Makaɗa suka garzaya ƙofar gidan ɗan takararta, suka yi ta kiɗa har aka yanka musu rago. Bayan Azahar aka ce a'a, akwai akwatunan da ba a haɗa da su ba, Tulu ce ta ci. Makaɗan nan suka saɓa gangunansu, maiƙon rago bai bushe a bakinsu ba, suka nufi gidan Alhaji Gwadabe, ɗan takarar Tulu. Waƙar da suka yi wa wancan da safe ita suka yi wa wannan da yamma, sunan kawai suka canza.

Shi Alhaji Gwadabe ba mugun mutum ba ne, amma bakinsa ya fi tunaninsa sauri. Shi ma ɗan Tsani ne na shekara da shekaru, yana cikin waɗanda suka koma Tulu dab da zaɓe. A lokacin yaƙin neman zaɓe ya hau bayan mota a tsakiyar kasuwa, tafi ya ɗebe shi, ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Wallahi tallahi, in na hau kujerar nan, duk wanda ya zaɓe ni sai ya sami buhun takin zamani, wanda bai zaɓe ni ba kuwa ko ƙwaya ɗaya ba zai gani ba." Jama'a suka yi shewa, shi kuma ya sauko yana jin ya yi magana.

Da ya hau mulki, takin da gwamnati ke rabawa manoma ya iso. Aka raba a ko'ina lafiya, sai a wani ƙauye da ake kira Tungar Marke. Ƙasar ƙauyen ta gaji, in ba a sa mata taki ba ko irin da aka shuka ba ta mayarwa. Masara ta kai gwiwa, ganyenta ya fara rawaya, kowa ya san in kwana goma suka wuce ba a zuba taki ba, noman bana ya tafi. Mutum ɗari uku ne suka jefa ƙuri'a a ƙauyen, kuma takardar sakamako na nan manne a bangon makarantar firamare: Tulu ɗari da goma sha biyu, Tsani ɗari da tamanin da takwas.

Ciyaman Gwadabe ya zo da motar taki, da niyyar ya ba mutanensa ɗari da goma sha biyu ya juya da saura. Yana sauka ya tarar da mutum ɗari uku cif a filin makaranta, maza da hular Tulu, mata da zanen Tulu, kowa na rantse-rantsen shi ya zaɓa. Ya dubi bango, ya dubi jama'a, ya sake duban bango. Ya kira dagacin ƙauyen, wani dattijo mai suna Ilu, ya ce ya ware masa nasa.

Dagaci ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma abin ya fi ƙarfina. Kwana uku ina bi gida-gida, ban sami ko mutum ɗaya da ya zaɓi Tsani ba."

Ciyaman ya ce, "To ɗari da tamanin da takwas ɗin nan fa? Aljanu ne suka zo suka dangwala?"

Dagaci ya ce, "Allah Shi ne masani, ranka ya daɗe."

Ciyaman ya rasa inda zai sa kansa. In ya ba kowa, ya saɓa rantsuwarsa. In ya hana kowa, ya saɓa ta ta ɗaya gefen, ya kuma cuci waɗanda suka tsaya masa. Sai ya sa aka rufe motar, ya aika a ɗauko Alƙali Muhtari, wani tsohon alƙali da ya ajiye aiki ya koma karantarwa a zaurensa. Abokin mahaifin Gwadabe ne, saboda haka ba ya ce masa ranka ya daɗe, da sunansa yake kiransa.

Alƙali ya iso, aka shimfiɗa masa buzu a inuwar dalbejiya, ya saurari magana daga farko har ƙarshe bai katse kowa ba. Ciyaman ya ce, "Allah gafarta Malam, ni a ganina a kawo Alƙur'ani, kowa ya dafa ya rantse. Nan take za a san na gaske."

Alƙali ya girgiza kai ya ce, "Gwadabe, rantsuwa ɗaya ce ta jefa mu cikin wannan hali, kana so ka ƙara mana ɗari uku? Mutumin da masararsa ke mutuwa a gona, 'ya'yansa na kallonsa, ka ajiye masa Littafi a dama da buhun taki a hagu, me kake zato zai yi? In ya yi rantsuwar ƙarya, ni da kai muna da kaso a cikin zunubin. Ba da ni za a yi wannan ba."

Sannan ya juya ga jama'a, ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "Ba zan rantsar da kowa ba, ba zan kuma tambayi kowa ba. Wanda ya san bai dangwala wa Tulu ba, in ya ga dama, ya taso ya tsaya a gindin tutar makarantar can."

Kowa ya shiga satar kallon na kusa da shi. Wasu suka gyara zaman hula, wasu suka sami abin dubawa a ƙasa. Aka jima haka, har ciyaman ya fara tsaki. Can sai wani tsoho ya dafa sandarsa ya miƙe daga bayan taro. Sunansa Baba Nomau. Gonarsa ɗaya tak a bakin fadama, da ita yake ci da kansa da 'yarsa da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Bara tsutsa ta cinye masa amfani, rumbunsa ya ƙare tun kafin azumi. In akwai wanda bai kamata ya rasa takin nan ba a duk ƙauyen, to shi ne. Ya cire hular Tulun da aka ɗora masa da safe, ya riƙe ta a hannu, ya taka a hankali har gindin tuta. 'Yarsa ta rufe fuska da mayafi tana kuka, don ta san abin da tsayuwar nan za ta jawo musu.

Nan fa jama'a suka sami baki. "Ga shi nan! Dama mun sani!" "Maci amana!" Abin takaici, waɗanda suka fi kowa ɗaga murya su ne waɗanda yatsansu ya sauka inda nasa ya sauka.

Ciyaman ya yi ajiyar zuciya kamar wanda aka sauke wa kaya, ya ce, "Alhamdu lillahi, magana ta ƙare. A ba kowa buhunsa, wannan tsoho kuma ya tafi hannu wofi. Na cika rantsuwata."

Alƙali ya ce, "Dakata tukuna. Karanta mini abin da ke jikin bangon can. Mutum nawa ne ba su zaɓe ka ba?"

"Ɗari da tamanin da takwas."

"Nawa suka fito?"

"Ɗaya."

"Saura suna ina?"

Ciyaman ya dubi taron huluna da zannuwa.

Alƙali ya ce, "Suna nan a gabanka, sanye da hularka. Ba ka san su ba, ni ma ban san su ba, kuma babu mai sanin su har tashin duniya, don an yi labulen zaɓe ne saboda kada a sani. Ba ka da hanyar da taki zai kai ga masoyanka ɗari da goma sha biyu sai ka ba duk wanda ke zaune a nan. Da zarar ka yi haka, ka ba mutum ɗari da tamanin da bakwai da ba su zaɓe ka ba, rantsuwarka ta karye tun kafin a zo kan tsohon nan. Ka hana su duka, ta karye. Ka ba su duka, ta karye. Rantsuwa ce wadda tun ranar da ka yi ta babu ƙofar cika ta, kuma ka yi ta a kan abin da ba naka ba, don takin nan na jama'a ne, amana aka ba ka. Abin da ke kanka shi ne kaffara, ka ciyar da miskinai goma. Kuma ka sani, kaffarar nan guda ce, ko ɗari da tamanin da bakwai ka ba, ko ɗari da tamanin da takwas. To gaya mini, me hana tsohon nan zai ƙara maka? Waɗancan sun ƙi ka, sun kuma yi maka ƙarya, za ka sallame su da buhu. Wannan ya ƙi ka, ya gaya maka gaskiya, shi kaɗai za ka hukunta. In ka yi haka yau, ka koya wa Tungar Marke darasin da ba za su manta ba, kuma daga yau ba za ka sake jin gaskiya daga bakin kowa a ƙasar nan ba."

Ciyaman ya daɗe yana murza hularsa a ka, sannan ya ce a buɗe mota a ba kowa, har da tsohon. Amma abin bai bar cinsa a rai ba. Ya taka har gindin tuta, ya tsaya gaban Baba Nomau ya ce, "Baba, taki dai za ka samu. Amma don Allah me na yi maka ka ƙi ni?"

Tsohon ya ɗaga kai ya ƙura masa ido, ya ce, "Ɗan nan, ba ka gane ni ba ko? Zaɓen da ya wuce wancan, kai ne ka zo har bukkata a bakin fadama. Ka zauna a kan turmi, ka sha furar 'yata, ka kama babban yatsana da hannunka ka ɗora a kan hoton tsani. Ka ce, Baba, duk rintsi, duk wanda ya zo maka da wata magana, nan za ka sa. Na ce maka to. Bana na ji ana ta cewa wane ya koma can, wane ya dawo nan, na kasa gane kan abin. Na ce in da gaske ne Gwadabe ya tashi, ai zai zo ya gaya mini da bakinsa. Na jira, ba ka zo ba. Da na shiga bayan labule ban ga fuskar kowa a takardar ba, sai hotuna. Na nemi tsani na dangwala, na fito ina murna na cika maka alkawari. Sai da na koma gida 'yata ta ce, Baba, ai ka kayar da mutuminka. To ni har yanzu ban sani ba, na zaɓe ka ne ko ban zaɓe ka ba? Abin da na sani kawai, Malam ya ce wanda bai dangwala wa Tulu ba ya fito, ni kuwa ban dangwala mata ba."

Kunya ta rufe Gwadabe har ya rasa inda zai sa idonsa. A cikin mutum ɗari uku, wanda ya ware don ya hukunta shi ne kaɗai ya tsaya a inda ya bar shi. Ciyaman ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa dagaci, ya je bayan mota ya sa aka ɗora masa buhu a ka. Ya ce, "Baba, wuce gaba, nuna mini gonar."

Suka bi hanyar fadama, tsoho a gaba da sandarsa, ciyaman a baya yana nishi, jama'a sun yi cirko-cirko suna kallo. Da suka isa ya sauke buhun a kan kunyar gona, yana share gumi. Baba Nomau ya yi masa godiya, ya sa masa albarka, sannan ya ce, "To ɗan nan, tun da ga ka ga ni, gaya mini tun yanzu kada a sake yin irin ta bana. Zaɓe mai zuwa, a ina zan sa yatsan?"

Gwadabe ya buɗe baki zai ce Tulu, sai ya tuna da turmin da ya zauna a kai, da abin da ya faɗa a ranar. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wallahi ni ma ban san inda zan kasance ba. Ka sa shi inda ka ga an yi maka adalci."

Washegari ya ciyar da miskinai goma, kuma an ce har ya sauka daga kujerar nan ba a sake jin ya rantse a gaban taro ba.

Masu hankali suka ɗauki darasi daga wannan, suka ce: shugaban da ya ce sai wanda ya so shi zai ci, zai wayi gari ƙofarsa cike da masu yi masa ƙarya, mutum ɗayan da ya riƙe masa alkawari kuwa yana can gefe a tsaye shi kaɗai.