Hannun Talaka da Cikin Dokin Hakimi

Wani hakimi yana da doki wanda ya fi so a kan mutanen garinsa. Ran nan ciwon ciki ya kama dokin, yana ta birgima. Aka kirawo Nomau mai maganin dabbobi.

Hakimi ya ce, "Ka warkar da shi yau, ko ka sha bulala. Amma hannun talaka ba ya taɓa dokina."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, kashi ne ya daskare masa, sai an sa hannu an kwaso. Duk garin nan kuwa kai kaɗai ne ba talaka ba. A kawo man gyaɗa, a naɗe maka hannun riga."

"Ta ina ake sa hannun?"

"Ta ƙarƙashin wutsiya, ranka ya daɗe, har gwiwar hannu."

Hakimi ya dubi wutsiyar, ya dubi hannunsa, ya ce, "Ku kawo rawani! Daga yau Nomau ne Sarkin Dawaki."

Aka naɗa shi nan take. Ya shafa mai ya ce, "A riƙe mini jelar rawanin, kada ta ɓaci."

Doki ya warke, sarauta kuma ta zauna.