Dutse Guda Ne

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a Gyaɗi-Gyaɗi, sunansa kuwa na binne shi. Sana'arsa yanka dutsen mabul, yana shimfiɗa shi a kan kantar kicin. Hannunsa yana da kyau, sunansa ya fi hannun kyau, don shi yake jan salla a masallacin layinsu duk ranar da liman bai fito ba.

Maƙwabcinsa, Alhaji Lawan, ya gina gida a Tarauni. Da aka zo aikin kicin bai nemi kowa ba sai shi, ya ce wanda muke bi salla ai ba a tsaya masa a ka. Ya miƙa masa mukulli ya tafi.

Mutumin nan yana huda gurbin kwanon wanke-wanke, sauri ya ɗebe shi, dutsen ya tsage gida biyu. Me zai hana ya faɗa? Wa ya taɓa yin sana'a bai yi ɓarna ba? Amma ina! Girma ya hana. Sai ya kwaɓa gam da garin dutsen, ya liƙe, ya goge har yana ƙyalli. Ko tokara bai sa a ƙasa ba, kada a tambaye shi dalili.

Alhaji Lawan ya zo, ya shafa, ya ce, "Malam, kamar ina jin layi a nan?"

Ya ce, "Wallahi, Alhaji, dutse guda ne. Zanensa ne haka."

Kun ji fa. Gam bai ishe shi ba, sai da ya liƙa da sunan Allah.

Ranar walimar tarewa, uwargida Hajiya Binta ta sauke babbar tukunyar miya tana tafasa, ta ɗora daidai kan layin. Dutsen ya buɗe. Miya ta kwarare mata a ƙafafu, aka kwashe ta sai asibiti. Mata cike da gida suna kallon busasshen gam a bakin dutsen.

Alhaji Lawan bai kai ƙara ba, bai yi zagi ba. Ina ma ya zaga, da ya fi sauƙi.

Bayan 'yan kwanaki liman ya yi tafiya. Aka tayar da iƙamar Magariba, mutumin nan ya matsa gaba yadda ya saba, ya ce, "A daidaita sahu, a toshe kafa." Sai ya ji muryar Alhaji Lawan, wanda ya leƙo tsohuwar unguwarsa, a bayansa, a hankali: "Da gam za mu toshe, Malam?"

Ba wanda ya yi dariya. Ya waiwaya, kowa kansa a ƙasa. Ya ja da baya, ya ɗauki takalminsa. Har yau Unguwa Uku yake zuwa salla, sahun ƙarshe, inda ba a san shi ba.

Ya 'yan uwa, tsagewar dutse ba zunubi ba ce, rantsuwar ce ta kashe shi. Ni kaina kunya nake ji, don wannan "wallahi" ta zama mana gam, kowace ɓaraka da ita muke rufewa.

Allah ya kiyaye harsunanmu, ya rufa mana asiri da gaskiya, kada ya bar mu da dabararmu.