Inshora Uku, Awarwaro Ɗaya

Akwai wani mai kwale-kwale a garinmu da ke bakin kogin Kelantan a ƙasar Malesiya, sunansa Jusoh. Mutumin kirki ne, sai dai Allah Ya yi shi da mafarkin ido biyu. Yana tsallakar da mutane da sassafe, hazo na kwance a kan ruwa, sai ka ga ya lula, har sai fasinja ya taɓa shi ya ce an wuce matsaya.

Da injinsa ya mutu, banki ya ba shi rancen sabo, zai riƙa biyan ringgit ɗari huɗu, kuɗin ƙasarmu, duk wata. Aka haɗa masa da inshorar da za ta riƙa biya masa idan ciwo ya kwantar da shi. Jusoh ya dawo gida yana ta juya maganar. Idan takarda ɗaya na biyan ɗari huɗu, ai uku za su biya dubu da ɗari biyu ke nan! Bai tambayi kowa ba, ya je wasu kamfanoni biyu ya yanki irinta a kan wannan rancen.

Kuɗin shekara suka nema a dunƙule, shi kuwa ba shi da su. Sai ya lallaɓa matarsa Limah, mai sayar da shuɗiyar shinkafa, wani abincin garinmu, a kasuwa, ta ba shi awarwaron zinaren da marigayiya mahaifiyarta ta bar mata. Ya kai shi jingina na wata shida. Ya rantse mata kafin wa'adi zai dawo hannunta.

A wata na biyu santsi ya kwashe shi a matakalar matsaya, ƙugu ya karye.

To, jama'a, ban taɓa ganin majinyaci mai annashuwa irin Jusoh ba. Yana kwance a baranda, iska na kaɗa ganyen kwakwa, shi kuwa ya yi nisa. Yana ganin kwale-kwalensa da sabon fenti, kore da ja. Yana ganin rufin gidan ya daina yoyo, ga Limah a kujerar jirgi za su Umra, tana leƙen gajimare ta taga. Limah na shafa masa man zafi, yana lumshe ido yana murmushi.

Yayanta Semail ya zo dubiya, ya ga hannun ƙanwarsa wayam. Ya ce a ba shi takardar jinginar ya fanso, in an samu a biya shi a hankali. Jusoh ya yi dariya har ƙugun ya amsa.

"Yaya, riƙe kuɗinka ka gyara babur ɗin nan naka mai tari. Ni kamfani uku ke min aiki ina kwance."

Semail ya sha shayinsa ya tafi, bai ƙara tayar da zancen ba.

Wasiƙun neman biyan inshorar suka ɗauki watanni, don kamfanonin sun gano juna suna ta rubuce-rubuce a tsakaninsu. Da amsa ta zo, Limah ce ta karanta masa. Rance ɗaya ne, biyan wata ɗaya ne. Ɗari huɗun nan su ukun za su raba, kuma kai tsaye banki za a tura. Ko sisi ba zai shigo gidan ba. Ashe yana rubuce a shafi na biyu na kowace takarda, wanda bai taɓa buɗewa ba.

Jusoh ya haɗiye girman kai ya kira Semail, bawan Allahn ya bar aikinsa ya garzaya wurin jingina. Ya tarar wa'adi ya wuce, an yi gwanjon awarwaron kwana tara da suka shige.

Wallahi na tausaya wa Limah. Ba ta yi faɗa ba, ta ci gaba da yanka ganyen da za ta haɗa da shinkafar gobe. Jusoh ya ja jiki ya matso, ya ce ta yafe masa.

Sai ta ce, "Zinare dai ya tafi, maigida. Abin da ya fi ci min rai, wata biyar ina jinyarka kana murmushi. Ni duk zatona daɗin hannuna kake ji."

Darasi: Tara takardun inshora a kan rance ɗaya ba ya ninka abin da za a biya ka. Karanta kafin ka sa hannu, tambayi wanda ya sani, kuma kada abin da kake hange ya sa ka raina taimakon da ya zo har ƙofarka. Tura wa wani naka kafin ya jinginar da abin da ba zai dawo ba.