Taraktar da Ke Mutuwa Idan Ta Yi Zafi

Akwai wani manomi mai 'yar ƙaramar tarakta, irin mai shan fetur ɗin nan wadda ake bi a baya ana riƙe da hannuwanta kamar garmar shanu. Shekara biyar tana yi masa huɗa, ba ta taɓa yi masa gardama ba.

Ana nan sai ruwan shuka ya sauka. Gonarsa kuwa laka ce. In ba a huɗe ta cikin kwana huɗu ba, sai ta ƙandare, garma ba ta shiga, irin masararsa kuma ya ci gaba da zama a buhu har maƙwabta su yi noman fari.

Da sassafe ya ja igiyar tarakta, ja ɗaya ta tashi. Ya yi kunyoyi goma sha biyu yana waƙa. Da rana ta ɗaga, injin ya ɗauki zafi, sai ta yi tari sau biyu ta mutu a tsakiyar gona. Ya ja igiya har kafaɗarsa ta yi tsami, shiru. Ya koma gindin ɗorawa ya zauna. Bayan awa guda ya sake ja, sai ta tashi kamar ba ita ba. Kunyoyi biyar, ta sake mutuwa.

Ya zo gida ya ce wa matarsa, "Mai fetur ɗin bakin kasuwa ya cuce ni, ruwa ya zuba a ciki." Bai tsaya nan ba, sai da ya je ya faɗa wa mutumin haka a gaban jama'a, ya sayo fetur a wani wuri. Kashegari tarakta ta maimaita halinta. Ya ce fulogi ne, ya sa sabo, ta ƙara mutuwa. Da yamma ya ce, "Na gane. Bakin maƙwabci ne. Tun ranar da na sayo ta yake yi mata wani irin kallo."

Matar ta ce, "Baban yara, jiya mai fetur, yau da rana fulogi, yanzu maƙwabci. Gobe kuma ni ce ko? Kwana biyu sun tafi. Kai ta wurin bakanike."

A rana ta uku ya yi sammako ya kai ta. Bakaniken dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya ja igiya sau ɗaya, tarakta ta tashi tana ƙara mai daɗi.

Manomi ya ce, "Gaskiyar Allah, ba haka take yi mini a gona ba!"

Bakanike ya yi dariya ya ce, "Na sani, Maigida. Injinan nan dukansu akwai ladabi a gabana. Ba zan duba ta da sanyi ba. Mu je gona ka sa ta aiki har ta mutu."

Suka je. Bakanike ya ajiye jakarsa a gindin ɗorawa ya zauna. Matar manomin ta kawo dambu, ya gyara zama yana ci.

Manomi ya ce, "Malam, gyara na kira ka ko biki?"

Ya ce, "Kai dai yi huɗarka. Uwargida, akwai ƙari?"

Can sai tarakta ta yi tarin nan nata ta mutu. Dattijon nan ya miƙe da gudu kamar saurayi. Ya sa tsumma ya kwance fulogi da zafinsa, ya mayar masa da wayarsa, ya jingina shi a jikin ƙarfen injin, ya ce, "Ja!" Manomi ya ja.

"Ka ga wuta?"

"Ban gani ba."

"Sake ja. Yanzu fa?"

"Babu."

Bakanike ya ce, "To, kwail ne. Shi ke haifar da wutar da fulogi ke tofawa fetur ya kama. Akwai siririyar waya naɗe a cikinsa, ta tsinke. Da sanyi bakinta a haɗe yake, sai ka rantse lafiyarta ƙalau. Da zafi ya zo sai ta rabu."

Manomi ya sosa ƙeya ya ce, "Ba za a ɗaure shi da roba ba, ya kai mu ƙarshen damina?"

"Ba a ɗaure shi, ba a liƙe shi. Canzawa ake yi."

Ya cire murfin injin, ya kwance ƙusoshi biyu, ya fid da tsohon, ya ɗauko sabo daga jaka. Ya sa ɗan kati tsakanin sabon kwail da babban ƙarfen da ke juyawa, don kada ratar ta yi yawa, kada kuma su gogi juna. Ya ɗaure, ya zare katin, ya rufe. Tarakta ta tashi, ta yi aiki cikin tsakar rana har yamma. Kashegari aka gama huɗa, aka shuka masara ƙasa na da danshi.

Manomi ya zo gida yana fara'a. Matar ta ce, "Kafin ka zauna, je ka ba mai fetur haƙuri. A gaban jama'a, yadda ka yi masa." Ya yi ta gunaguni, amma ya je.

Ma'anar wannan misali ita ce, mu ne taraktar nan. Ranar Lahadi da safe, mun yi wanka, mun ɗaura zane mai kyau, ja ɗaya muke tashi. A ɗauko waƙa, mu ne a gaba. A ce a ƙaunaci juna, amin ɗinmu har kan titi. Wannan sanyin safiya ne, kowane inji na iya shi.

Bari Talata ta zo. Akuyar maƙwabciya ta shiga ta cinye maki alayyafo, ko wata ta tura bokitinta gaban naki a famfo. Nan za a ga ko akwai wuta. Maza, kada ku yi murmushi. Na ga dattijon ikkilisiya ya cire hula zai yi dambe a kan iyakar gona da ba ta kai taku biyu ba. In aka tambaye mu, sai mu ce wance ce ta tsokane ni, Shaiɗan ne, yunwa ce. Mun zargi kowa, mun canza abin da bai lalace ba, abin da ya tsinke kuwa yana ciki, wato zuciya.

Ubangiji shi ne bakaniken. Ladabinmu na Lahadi ba ya ruɗinsa. Yakan bar zafi ya zo, ba don mugunta ba, don mu gani da idonmu cewa wutar ta ɗauke. Ba ya ɗaure tsohuwar zuciya da roba kuma. Sabuwa yake bayarwa, ga wanda ya daina musu ya roƙa.

Saboda haka cikin makon nan, in ranki ya ɓaci, kada ki jira sai kin huce ki zo nan coci kina murmushi. A wurin, da zafinki, bakinki cike da zagin da ba ki riga kin furta ba, ki ce, "Ubangiji, ga ni yadda nake, duba ni yanzu." A lokacin ne ake gyara.