Na'urar da Ta Haddace Takardun Shef

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, a wata tashar jiragen ruwa ta bakin teku inda na zauna shekara goma sha tara. Ba zan kama sunansa ba, 'ya'yansa suna nan da ransu. Kowa dai Shef yake ce masa, wato oga.

Ma'aikacin kwastan ne, aikinsa kuma guda ɗaya. A buɗe masa kwantena, ya duba kaya, ya buɗe kundin fito, wato harajin shigo da kaya, ya ce kayan nan lamba kaza ne. Lambar da ya rubuta ita ke yanke abin da mai kaya zai biya. Amana aka ɗora masa, kuma ya san amana ce, don ranar Juma'a a sahun gaba za ka gan shi, riga fara fat, turare na tashi.

A lokacin ne aka fara shigo da na'urorin nan masu aiki uku. Guda ɗaya ce, amma tana buga rubutu daga kwamfuta, tana yin fotokwafi, tana kuma kwashe hoton takarda ta adana a cikinta. A kundin da ke hannun Shef, abin da ake jonawa da kwamfuta lambarsa daban, fitonsa da sauƙi. Injin fotokwafi zalla kuwa fitonsa da nauyi. Ga na'ura ta haɗa duka, sai a jefa ta ina?

Shef ya ga kasuwa ta buɗe. Wanda ya miƙa ambulan, nasa kayan kwamfuta ne. Wanda ya zo hannu sake, nasa fotokwafi ne. Na'ura iri ɗaya, kamfani ɗaya, da safe sunanta daban, da yamma daban. Wannan ba kuskuren aiki ba ne, sata ce da alƙalami.

Sai ga wata mata, Asiba, wadda ake kira Maman Sena. Shekara goma sha ɗaya tana sayar da akasa, wani tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi a ƙofar wata makaranta, har ta tara abin da ta sayo na'ura huɗu, ta kama shago don ɗalibai masu buga takardu. Ta shiga ofishin Shef da takardunta cikin leda.

Ya duba, ya rubuta fotokwafi, ya tura mata.

Ta ce, "Shef, makon jiya maƙwabcina ya fitar da irin wannan a lambar kwamfuta."

Ya ce, "Maƙwabcinki ya san yadda ake gaisuwa. Ke kifi kika sani, Maman Sena. Koma wurin kaskonki."

"Na biya na gwamnati, in kuma biya naka? Wallahi ba zan ba da ba."

Matar ba musulma ba ce. To sai me? Wa ya gaya muku haƙƙin wanda ba musulmi ba ganima ne? Ita ta ƙi ba da cin hanci, shi mai tabon salla a goshi yana nema. Ni kam duk sanda na tuna wannan, raina ɓaci yake yi.

Ta ɗaukaka ƙara gaban kwamitin da ke raba gardamar lamba. Ƙa'idar wurin ita ce, in an yi gardama, a ware ɗaya cikin kayan a ajiye a matsayin samfuri, sauran su jira a siton tasha. Shef ya zauna ya rubuta rahoto da hannunsa, ya sa hannu, ya buga hatimi: wannan inji fotokwafi kawai yake yi, ba ya adana komai, ba shi da wata alaƙa da kwamfuta. Bai buɗe littafin na'urar ba, bai tambayi kowa ba. Ya maimaita ƙaryar har shi ma ya gaskata ta.

Samfurin nan kuwa, maimakon ɗakin ajiya, sai ya sa aka kai ɗakinsa na ciki. Yana da wata ɗabi'a. Duk wanda ya sassauta wa lamba, sai ya yi kwafin takardar gaskiya da ta ƙaryar, ya riƙe don kada mutum ya juya masa baya. In kaya sun bar tasha lafiya, ya cinna wa kwafin ashana. Wata takwas yana wannan aiki da na'urar Maman Sena. A ganinsa, abin da ya zama toka ya tafi ke nan.

A wata takwas ɗin nan iskar teku ta cinye sauran ukun da tsatsa. Mai shago ya karɓe shagonsa. Maman Sena ta koma bakin kasko, duk Litinin ta hau babur ta je ta tambayi ranar zama.

Ranar ta zo. Mutum biyar a kan tebur, aka shigo da samfurin aka ajiye a tsakiya. Shef ya zo cikin kaki, guga ta kwanta, yana raha da kowa. Maman Sena ta zo da wani dattijo mai gyaran na'urori, Sikiru.

Shugaban zaman ya ce, "Shef ya rubuta ba ta adana komai. Baba Sikiru, me ka ce?"

Sikiru ya ce, "Ranka ya daɗe, me ya kai ni musu da manya? Ga ta nan, a tambaye ta."

Shef ya yi dariya. "Tsoho, in ta yi magana ka gaishe ta."

Sikiru ya jona waya, ya danna nan, ya danna can, ya ce ta bugo abin da ke cikinta. Na'ura ta yi gurnani, takarda ta fito. Wata ta biyo. Shugaba ya ɗauki ta farko, ya ɗauki ta biyu, ya jera su. Kwantena ɗaya, lamba biyu, sa hannu ɗaya. Ya ɗaga ido ya dubi Shef.

Ita kuwa ba ta tsaya ba. Takarda ta ƙare, aka ƙara mata, ta ci gaba. Gumi ya jiƙa kakin Shef, ya miƙa hannu zai zare waya, wani ɗan kwamiti ya riƙe masa hannu. Sama da kwantena ɗari biyu ta lissafo, kowace da ranarta.

Daga ɗakin nan Shef bai koma ofishinsa ba. An tuɓe masa kaki, kotu ta ɗaure shi shekara shida, aka ƙwace gidan benen da ya gina. 'Yan kasuwar da takardunsu suka fito sun tsine masa, masu ce masa Shef suka daina sanin hanyar gidansa.

Maman Sena ta ci shari'a, amma na'ura ɗaya ta samu mai rai, wadda Shef ya ɓoye a ɗakinsa. Da ita ta buɗe 'yar rumfa. Da idona na gan shi bayan ya fito, ya rame, takardun neman aiki a hannu yana son kwafi. Ya tsaya a tsallaken titi yana kallon rumfar. Ya daɗe a tsaye, ya kasa tsallakawa, ya juya ya bi rana da ƙafa.

Ya 'yan uwa, ƙarfe ne fa da roba, ba rai, ba imani, amma bai manta takarda ko ɗaya ba. To ina ga mala'ikun da ke dama da hagunka? Ina ga ranar da za a rufe bakinka, hannun da ya riƙe alƙalamin ya yi bayani? Kai mai hatimi, kai mai sikeli, kai mai sa hannu a ofis, kira abu da sunansa ko da mai shi bai gaishe ka ba. Kana ƙona takarda kana jin ka tsira, alhali wadda za a karanta maka ba a hannunka take ba.

Allah ya tsare hannuwanmu daga rubuta abin da zai tashi ya tona mu. Allah ya kiyaye mu da cin haƙƙin mai rauni, ya sa mu tuba tun kafin a jona waya. Amin.